Cisco 2960 ya ƙi buɗuwa daga nesa, a taimaka

Sani_Zazzau: Salam 'yan uwa. Akwai switch (na'urar haɗa kwamfutoci a network) ɗin Cisco Catalyst 2960 na hannu da muka saka a wata cibiyar CBT, na shiga da kebul ɗin console da manhajar PuTTY a gudun 9600, na ba interface vlan 1 adireshi 192.168.10.2 na yi no shutdown, in ina cikin ɗakin ina shiga ta telnet (hanyar ba shi umarni ta network) lafiya lau amma da na koma gida shiru kake ji. Ga shi jiya an ɗauke wuta, kafin a tada janareta duk saitin ya goge.

MalamBash: Wa alaikumussalam. Gogewar dai write memory (umarnin adana saiti) ne ba ka yi ba, abin da ka rubuta yana zaune a RAM ne, wuta na tafiya ya bi ta. Sai ka duba ip default-gateway, shi 2960 layer 2 ne, wato ba ya aikin rauta, in ba ka nuna masa rauta ba amsarsa ba za ta fita daga subnet ɗin (network ɗin cibiyar) ba. Telnet kuwa don Allah ka rabu da shi, fasuwod ɗinka tsirara yake tafiya. Koma SSH mai ɓoye shi: sa hostname da ip domain-name, yi crypto key generate rsa ka zaɓi 2048, ƙirƙiri username, sai a line vty 0 15 ka sa login local da transport input ssh. In crypto ya ƙi karɓa duba show version, IOS (manhajar switch ɗin) ɗin da babu k9 a sunansa ba ya SSH.

Ummi_net: Malam ya gama magana, amma ko ya yi duk wannan daga gida ba zai shiga ba fa, 192.168 adireshin cikin gida ne ba ya hawa intanet. Kuma in da layin waya kuke amfani to galibi bayan CGNAT kuke (kamfanin layin ya haɗa ku da wasu a public IP ɗaya), buɗe port ma aikin banza ne. Ka ɗora Tailscale (manhajar VPN mai haɗa na'urorinka daga nesa) a wata kwamfuta da ba a kashewa a can, ka bi ta cikinta. In kuna da public IP da rautar MikroTik mai RouterOS 7 to VPN ɗin WireGuard kawai. Kar dai ka bar port 22 (ƙofar SSH) a buɗe wa duniya wlh.

Dan_Maradi: Ƙari kaɗan, kafin ka taɓa VLAN (rukunin network a cikin switch) ko trunk (layin da ke ɗaukar VLAN da yawa) daga nesa buga reload in 10 tukuna, in ka kulle kanka a waje zai tashi da tsohon saiti bayan minti goma, in komai ya yi sai reload cancel sannan ka adana.

Sani_Zazzau: Allah ya saka da alheri, na duba akwai k9. Anti Ummi, kwamfutar nan dole Linux ce ko Windows ma ta yi?

Ummi_net: Kowacce ta yi, ka dai haɗa ta da inbata kuma ka kashe mata sleep.