Mutanen Maiduguri, wa ya fara ba ku kaya bashi bayan rikicin Boko Haram?

Mai shagon atamfa, Monday Market:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya ina neman wata takarda a ƙasan akwati na ci karo da littafin bashina na 2014. Da a shago na ajiye shi da ya tafi a gobarar 26 ga Fabrairu 2023. Na zauna ina buɗe shafi-shafi: mutanen Bama, na Banki, na Gamboru Ngala, waɗanda ke ɗaukar bandir biyar ko goma su kawo kuɗi bayan sati biyu. Wasu na san sun rasu, wasu har yau ba labari. Daga 2014 ɗin na rufe ba da bashi, ko ɗan unguwarmu ne. Ni a ganina ranar da aka koma ba da kaya a kan amana, ranar gari ya fara dawowa. Shi ya sa nake tambaya: da kuka tashi ba ku da ko sisi, wa ya fara yarda da ku?

Dillalin kifi, hanyar Baga:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ni wanda ya fara yarda da ni wani Inyamuri ne daga Onitsha. Shekara tara ina ɗaura masa kwalayen banda. Bayan harin Baga na Janairun 2015, ga kuma hana safarar kifi da aka yi, kasuwarmu ta mutu murus, har baro na tura don yara su ci. Da hanya ta fara buɗewa sai ga wayarsa, ya turo kuɗin kwali ashirin tun kifin bai iso ba, ba takarda ba shaida. Na kwana uku ban yi barcin kirki ba saboda tsoron kada wani abu ya samu motar. Da kayan suka isa lafiya na yi sujada. Har gobe shi nake fara zaɓar wa manyan tarwaɗa.

Mai ɗinkin hula, Gwange:
Sannunku iyayena. Mu a ƙafa muka shigo daga Bama a Satumban 2014, ni da yara huɗu da surukata. Ba mu shiga sansani ba. Wata Hajiya da ba mu haɗa komai da ita ba ta share mana ɗakin da take ajiye gawayi. Sati na biyu ta ga ina gyara hular ɗanta da ta warware, ta tsaya a kaina ta daɗe tana kallon hannuna. Washegari ta dawo daga kasuwa da ƙyalle da zare kala shida da allura, ta ce in na sayar in biya ta kuɗin zare. Hular farko ta ci min kusan wata guda, idona har ruwa yake yi don da fitilar waya nake ƙarasawa da dare. Daga nan ta sa ni a adashin matan layin. Wasu sun ƙi, suka ce baƙuwa za ta kwashe ta gudu. Ta ce a ba ni kwasar ƙarshe, in na fasa zubi ita za ta cika. Ban taɓa fashi ba.

Abin da ke min ciwo, shekara goma ke nan, yarana a nan suka yi wayo, amma in faɗa ya haɗa su da yaran layi sai a ce musu 'yan gudun hijira. Kuɗin haya kuma tun da aka rufe sansanoni a ƙarshen 2021 sai hawa yake.

Mai keke napep, Bulumkutu:
Allah ya saka wa Hajiyar nan, Yaya. Ni acaɓa nake yi har aka hana babur a Yulin 2011. Wanda bai zauna garin nan lokacin ba ba zai gane ba. Majalisar ƙofar gida ta watse, maƙwabci ba ya tambayar maƙwabci ina ɗanka ya shiga, kowa na tsoron bakinsa. Sai 2013, da matasa suka fito da gora, muka fara kallon juna ido da ido. Keken da nake ja, Bulaman unguwarmu ne ya tsaya min wajen mai shi, ina kai balas kullum har na mallake shi.

Amma Alhaji, akwai inda amanar ba ta kai ba. Tun da aka fara miƙa wuya da yawa bayan mutuwar Shekau a 2021, akwai wani tubabbe da ke facin taya a bakin titinmu. Aikinsa mai kyau ne, ba ya tsawwalawa. Ƙanena a rikicin nan ya tafi. Nakan wuce shi in tura keke har gaba. Na san malamai sun ce a yafe, ina kuma roƙon Allah ya sanyaya min zuciya, amma ban kai nan ba tukuna.

Mai walda, Bolori:
Kada a manta da wutar lantarki. Da aka kayar da turakun layin Damaturu a Janairun 2021, mu huɗu, da ni da mai niƙa da tela da mai ƙanƙara, muka haɗa kuɗi muka sayi janareta ɗaya muna raba awanni. Telan Kirista ne ɗan Chibok, shi muka ba riƙon kuɗin mai.

Mai shagon atamfa, Monday Market:
Malam mai keke, ba wanda zai matsa maka, Allah ya jiƙan ƙanenka. Nima akwai fuskokin da ban iya kalla ba har yau.

Ga abin da ya sa na buɗe sabon littafi. Kwana kaɗan bayan gobara ina tsaye kan toka, sai wani saurayi ya yi min sallama, ya ce shi ɗan wane ne na Banki. Mahaifinsa ya rasu a Kamaru suna gudun hijira, ya bar wasiyyar cewa ina bin sa kuɗin bandir bakwai. Ya zaro kuɗi a leda ya miƙo, rabi ne, ya ce a yi masa haƙuri da sauran. Na karɓa hannuna na rawa. Da aka gyara shago shi na fara ɗaura wa kaya. Ambaliyar dam ɗin Alau ta Satumban 2024 ta sake jiƙa mana rabin jari, ya makara wata biyu, amma ya kawo. Yanzu sunaye goma sha ɗaya ne a littafin. Yaya mai hula, in kina son ƙyalle ki aiko yaro ranar Litinin, zan rubuta sunanki na goma sha biyu.