Neman kalma: yaya zan ce "hypokalemia" a rediyo?

Furodusa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Gobe Laraba bayan la'asar za mu naɗi shirin lafiya, a sa shi ranar Alhamis. Batun masu zuwa Masar da Indiya a yi musu tiyatar rage ƙiba ne, wasu su dawo gida su yi ta amai har jiki ya mutu. Likitan da na gayyato ya turo mini bayanansa, kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: hypokalemia. Ya ce wai potassium ne ya yi ƙasa a jini. To shi kansa potassium ɗin me za mu kira shi? Don Allah a agaza.

Ɗan Kurmi: Ai wannan ba abin wahala ba ne. Kanwa ce Bature ke ce wa potash. Ka ce "ƙarancin kanwa a jini", an wuce wurin.

Malamar Jinya: Don girman Allah Furodusa kada ka faɗi haka a iska. Suna ne kawai ya bi kanwa a Turancin kasuwa, amma abin da ya fi yawa a cikinta sodiyam ne, ɗan'uwan gishirin miya. Kana cewa kanwa ta yi ƙaranci, wallahi kafin a rufe shirin an dama wa marar lafiya kunun kanwa. Ga kuma inda haɗarin yake: mai yawan amai ruwan tsamin cikinsa yake zubarwa, sai ƙoda ta shiga fitar da potassium ta fitsari. Kanwa tsami take kashewa, ka ga ta ƙara tura shi ƙasa ke nan.

Ɗan Kurmi: To, na janye, Hajiya. Ashe mu ma a kasuwa aron baki muka yi.

Malamar Jinya: Ga abin da ya kamata mai sauraro ya tafi da shi. Awon potassium a jinin lafiyayye yana tsakanin 3.5 da 5.0. Ƙasa da 3.5 an shiga ƙaranci, ƙasa da 2.5 kuwa sai gadon asibiti, don bugun zuciya na iya rikicewa. A tiyatar rage ƙiba da aka fi yi yanzu ana yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi, mutum ba ya iya cin kirki. Idan amai ko zawo ya haɗu da wannan, balle yana shan maganin hawan jini mai sa fitsari, sai kasala, tsoka ta riƙa ɗaurewa, bayan gida ya ƙi fita, gaba ya riƙa faɗuwa.

Malam Nahawu: Hajiya ta yi gaskiya a kan kanwa, amma maganar ba ta ƙare ba. Kalmar potash asalinta tokar tukunya ce, ita aka jiƙa aka tace, kuma daga cikinta masanin kimiyya Humphry Davy ya ware sinadarin potassium a 1807. Harafin K da ake rubuta masa daga ɗaya sunan nasa, kalium, yake, shi kuma daga Larabci, tokar tsirrai. Bature ya ce toka, Balarabe ya ce toka, mu da iyayenmu ke tace ruwan toka su zuba a miyar kuka mu ne za mu tsaya ara? Shawarata: TOKANIYA. Cutar kuma "ƙarancin tokaniya". Na daɗe ina amfani da ita a aji.

Furodusa: Allah gafarta Malam, tana da daɗin faɗa kam.

Malamar Jinya: Malam, da girmanka, mun gudu daga kunun kanwa mun faɗa ruwan toka. Kuma takardar gwajin jini K za a rubuta, kwalin magani potassium za a rubuta. Wanda ya je kyamis ya ce a ba shi tokaniya, wa zai gane shi?

Malam Nahawu: Abin da kullum kuke faɗa ke nan, shi ya sa 'ya'yanmu ba sa iya ƙirga kuɗi da Hausa. Wa ya san "na'ura mai ƙwaƙwalwa" kafin gidajen rediyo su yi ta nanata ta?

Ɗan Damagaram: To ina take yanzu, Malam? Kowa kwamfuta yake cewa. Mu nan Nijar likita da Faransanci yake rubutu, amma sunan sinadarin ɗaya ne, lafazi ne ya ɗan bambanta. Idan kuka ƙirƙiro taku a Kano, mu kun bar mu a tasha. Kuma ai tiyata, asibiti da likita duk baƙi ne da suka zama 'yan gida.

Malam Nahawu: Waɗannan bakin talaka ne ya tauna su shekara da shekaru har suka yi laushi. Na yanzu kuwa 'yan boko ne ke haɗiye Turanci ɗanye don a ce sun waye.

Ɗan Damagaram: Da ni kake, Malam? Ni ko Turancin ban iya ba.

Manomin Kadawa: Ku yi haƙuri in sa baki. Duk wanda ya taɓa sayen takin NPK 15-15-15 ya san wannan K ɗin, shi ne na ƙarshe a jikin buhu. Furodusa ka ce irin sinadarin da shuka ke buƙata ne, mu ma jikinmu na samunsa daga ayaba, dabino, wake, dankali da alayyafo.

Malamar Jinya: Wannan misalin ya yi, muddin ba a ce a lasa taki ba! Ka ƙara da cewa kada kowa ya sayi ƙwayar potassium da kansa, yawansa ma yana tsayar da zuciya, musamman ga mai ciwon ƙoda. Idan kuma ana ta ba shi ya ƙi hawa, likita kan duba wani sinadarin jini, maganiziyam.

Furodusa: Na gode ƙwarai. Ga abin da zan karanta: "ƙarancin sinadarin fotasiyam a jini". Sau ɗaya zan ambaci cewa asalin sunan daga toka yake, don Malam.

Malam Nahawu: Ba don ni ba, don harshen. Aƙalla dai ka rubuta da F, Hausa ba ta da P. Ni dai a ajina tokaniya ce har gobe.

Ɗan Kurmi: Af, ba a yi maganar ɗayar ba. "Tiyatar rage ƙiba" za a ce ko "tiyatar rage tumbi"? Don ni da na ji ta farko na ɗauka kitse ake yankewa.

Furodusa: Wayyo, na riga na naɗi sanarwar shirin da "rage ƙiba" tun jiya.