Wasan da sara ɗaya ke kwantar da mutum: me kuka gani a teburinku?

Madugun Kawo: Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu zaman wasan labari na kan tebur, inda kowa ke taka rawar mutum ɗaya a cikin labari ana jefa ƙwaya don yanke abin da ya faru, mun fara yawa a garin nan, kuma na lura da dama sun karkata ga tsarin da sihiri bai cika yawa a cikinsa ba, inda mutum yake mutum, ba ƙarfe ba. Ina so kowa ya kawo abin da ya gani, da lissafinsa, don sababbin shiga su huta da lalube.

Bari in aza tubali. A Dungeons & Dragons bugu na biyar, na 2014, mayaƙin da ya kai mataki na goma yakan riƙe makin rai, wato makin da rauni ke zaftarewa har mutum ya faɗi, wajen 80, alhali wuƙa 1 zuwa 4 take cirewa kafin a haɗa da ƙarfin mai suka. Ya yi hutun awa takwas, gari na wayewa ya miƙe garau. A GURPS, wanda ya fito a 1986, makin ran matsakaicin mutum 10 ne, kuma ba ya hauhawa da kansa don an daɗe ana wasa. Jinyar yini guda maki ɗaya take mayarwa, shi ma sai jifar ƙwaya ta gwajin lafiya ta faɗa daidai. Ku sa dogarai uku a ƙofar ganuwa ku ga bambanci. A na farko kowa zai zare takobi. A na biyu tambayar da za ku fara ji ita ce: wa ya san sarkin ƙofa, kuma goro nawa ake ba shi?

Na Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Malam Madugu ka ɗauko ta daga tushe. Ni abin da zan ƙara shi ne maganar ƙwayar jifa, don a nan da yawa ke karaya tun kafin a fara. GURPS ƙwayar ludo uku kawai yake buƙata, kuma babu kasuwar da ba a samunta, daga Kasuwar Barci har ta Gumi. Ka jefa uku ka haɗa, in jimilla ba ta wuce gwanintarka ba ka ci. Hanyoyin faɗuwarsu 216 ne. Mai gwaninta 10 rabi da rabi ne. Mai 12 yana ci kusan kashi 74 cikin ɗari, mai 14 kusan 91, mai 16 kuma 98.

Ga inda daɗin yake. A ce dare ne, ko ƙasa ta yi santsi, aka rage wa kowa maki biyu. Mai 16 ya sauko 14, abin da ya rasa bai kai kashi takwas ba. Mai 12 ya sauko 10, ya zubar da kashi 24. Wato duhu ɗaya ne, amma ɗan koyo yake kayarwa, gwani kuwa ko a jikinsa. Ƙwaya guda mai fuska ashirin ba ta yin haka, a wurinta maki biyu kashi goma ne ga kowa.

Gwaggon Malali: Ɗana na Tudun Wada, ba kowa ne ke son haɗa lissafi ba. Tsarin kashi ɗari, irin na RuneQuest da ya fito a 1978, ya fi saurin shiga kan baƙo. Ka ce masa harbin bakarka 60 ne, ya gane ba sai an yi bayani ba. Matsalar ita ce ƙwaya mai fuska goma ba ta cika samuwa a nan ba. Dabarar da ta yi aiki: murfin lemo goma, a rubuta 0 zuwa 9 a cikinsu, a zuba a hula. Zara ta farko gomomi, ta biyu ɗaiɗai. Amma dole a mayar da na farkon cikin hula a girgiza kafin a sake zara. In an manta, 11 da 22 da 33 har zuwa 99 ba za su taɓa fitowa ba, lissafi ya karkace ba wanda ya sani. Kada kuma wani ya ce zai yi da katin Whot, babu 6 babu 9 a cikinsa. Waya ma tana jefawa, sai dai da zarar ta shigo hannu hankalin mutum ya tafi wani wuri.

Sarkin Lifidi: Ni sulke ne ya riƙe ni a wannan tsari. A D&D sulke yana sa a kuskure ka ne kawai, in an same ka sara ya shiga gaba ɗaya. A GURPS sulke yana shanye wani abu daga saran, abin da ya ratsa shi ake ninkawa gwargwadon makami: kaifi sau ɗaya da rabi, tsini sau biyu, duka da kulki yadda yake.

Misali. Mai ƙarfi 10 ya kai sara da takobi, ƙwaya ɗaya ce a ƙara 1. Ta faɗa 5, ya zama 6. Wanda ke sanye da riga kawai ya sha 9 cikin 10 ɗinsa, saura masa 1. Mai sulken zobba da ke tare 4, biyu ne suka ratsa, suka zama 3. Ya ji jiki amma yana tsaye. Shi wannan sulken kuma 2 kawai yake tarewa in duka ne, shi ya sa mai gora ya fi mai takobi ba shi tsoro. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da 'yan lifidi da 'yan sulke a hawan sallar Zariya ya ga kaurin abin da idonsa, ba sai an roƙe shi ya yarda ba. Idan za ku saka lifidi a wasa, mu maki 2 muke ba shi, da sharaɗin in kibiyar wuta ta same shi auduga ce, sai a yi ta kansa. Wannan dokar teburinmu ce, ba ta littafi ba.

Kada a manta nauyi. Mai ƙarfi 10 kilo tara kawai yake ɗauka ba tare da tafiyarsa ta ragu ba. Sulke da garkuwa da salkar ruwa sun riga sun wuce haka. Nan take jaki ya zama ɗan tawaga, kuma a fara gardamar wa zai tsaya gadinsa.

Na Barnawa: Ranka ya daɗe Sarkin Lifidi, kun yi ta yabo, bari in faɗi inda yake ciwo. Abu biyu ne.

Na farko, wanda aka fara sara shi ke ci gaba da shan sara. A HârnMaster, shi ma na 1986, babu makin rai sam. Kowane rauni ana rubuta shi da wurinsa da girmansa, kuma a bugu na uku kowane matakin rauni yana zaftare maki biyar daga gwaninta. Mai takobi 70 ya sami mummunan rauni mai mataki uku a cinya, ya koma 55. Karewarsa ta yi rauni, na biyu ya shigo, ya koma 45. Daga nan gangara ce. Gaskiya ce tsantsa, haka faɗa yake, amma ɗan wasan da bai san da haka ba zai ce an zalunce shi. Maganinsa a gaya wa kowa tun zaman farko cewa gudu da miƙa wuya da biyan fansa duk hanyoyi ne, kuma mai jan labari, wato wanda ke tafiyar da wasan, ya sa abokan gaba su ma su riƙa gudu. Ɗan fashin da ya ga an kayar da biyu cikin biyar ɗinsu ba zai tsaya ba. In kowane maƙiyi sai ya mutu yake daina faɗa, tsarin zai cinye 'yan wasa cikin zama uku.

Na biyu, lokaci. Mai kai hari ya jefa, mai karewa ya zaɓi tarewa ko gocewa ko ramawa ya jefa, a duba jadawali, a jefa wurin da ya samu, a cire sulke, a duba girman rauni. Faɗan mutum huɗu da huɗu yakan ci mana minti arba'in zuwa awa. Zaman da aka fara bayan la'asar za a tashi magariba, faɗa ɗaya ya ishe shi. A buga jadawalin faɗa a takarda guda, kowa da kwafinsa, a lulluɓe da leda. Buɗe littafi a tsakiyar faɗa shi ke kashe wasa, balle in an ɗauke wuta ana haska shafi da tocila.

Gwaggon Malali: Ka manta na uku, mai jinya. Karaya a irin wannan wasa makonni take ɗauka, mai mutumin kuwa yana zaune a tabarma ya zuba tagumi. Kowa ya riƙe mutum biyu: babba da yaronsa, ko mai jaki, ko ɗan rakiya. In babba yana hannun maɗori, yaro ya karɓi tafiya. A kuma tabbata akwai wanzami ko mai magani a cikin tawaga, don a nan ya fi mayaƙi na huɗu amfani.

Ɗan Unguwar Rimi: Gwaggo kin yi gaskiya. Zan taɓo sihiri, don shi ne abin da iyaye da abokai ke fara tambaya, bayan sun tabbatar ba kuɗi ake zubawa ba. Da yawa ba sa sakin jiki su taka rawar mai bautar gumaka ko mai jefa wuta da hannu. Wannan tsari ya raba gardama, don ana iya wasa shekara ba a ga ko ɗaya ba. Abin da ya yi mana kyau shi ne a bar abin a bakin mutane, kamar yadda yake a labaran da: ana cewa wane yana da layar zana, ana cewa ƙarfe ba ya cin wane, an ce wancan yana da sagau. Mai jan labari ya rubuta gaskiyar a takardarsa ya kife. A lissafi, abokan gaba da suka ji labarin su yi jifar tsoro kafin su tunkare shi, shi ke nan. 'Yan wasa su yi ta gardama ko tauri ne ko sulke ne a ƙarƙashin riga.

Don wurin labari, ayarin fatake daga Kano zuwa Gwanja neman goro ya fi komai dacewa: tafiyar watanni, zango, fiton kogi, kuɗin hanya a kowace ƙasa, lissafi da wuri. Ƙwallon dabino muke sa wa kowa a gaba a matsayin kibau, goma sha biyu a kwari. Ya harba, ya jefa ɗaya a kwano. Fensir da magogi huda takarda suke yi.

Na Tudun Wada: Gargaɗi ɗaya ga masu bin Basic Roleplaying, shi ma tsarin kashi ɗari ne. Gwaninta tana ƙaruwa ne in ka yi amfani da ita ka ci a lokacin matsi, a sa mata alama, bayan an gama a jefa ɗari, in ta haura gwanintarka a ƙara ƙwayar ludo ɗaya. Mai 30 yana saurin hawa, mai 90 da ƙyar. Sai dai wasu za su fara canza makami a tsakiyar faɗa, takobi, mashi, gatari, don tara alama. A ƙayyade alama huɗu a zama guda.

Madugun Kawo: Madalla. Mai son gwadawa ya sauke GURPS Lite, taƙaitaccen GURPS, shafi 32 ne kuma kyauta, ko Mythras Imperative. Shafukan faɗa da na rauni kawai za a fara bugawa. Sarkin Lifidi, saura ka kawo mana lissafin kwalkwali da garkuwar fata, kuma har yanzu ba wanda ya ce komai a kan dafin kibiya.