Neman shawara kan fara sana'ar rubutu daga gida ta intanet

Maman Hanifa ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan harka. Na karanta aikin jarida, na kuma kammala bautar ƙasa, amma rainon yara da hidimar gida ba su ba ni damar fita aikin ofis ba, shi ya sa nake tunanin in riƙa yin rubutu daga ɗakina ana biyana ta dandali irin su Upwork da Fiverr, wato shafukan intanet da ke haɗa masu ba da aiki da masu yin aikin. Ina da kwamfuta da waya, Turancina ba laifi, Hausa kuwa ita na tashi da ita. Shin da Turanci ya kamata in fara ko da Hausa, kuma ta wace hanya kuɗin ke isowa hannun mutum a Najeriya? Akwai kuma wani da ya yi mini tayin tsohon asusu wanda ya riga ya tara taurarin yabo daga kwastomomi, ya ce in na saya zan fi saurin samun aiki.

Tafinta ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Zan fara da maganar sayen asusu domin ita ce mai haɗari: kada ki saya. Dokokin waɗannan dandali sun hana, suna kuma neman a tabbatar musu da shaidar mai asusu ta katin shaida ko fasfo, wani lokaci har da kiran bidiyo, kuma duk ranar da fuskarki ta saɓa da hoton da ke kan takardun, za a iya rufe asusun tare da kuɗin da kika sha wahalar tarawa a ciki.

Batun harshe kuwa, ra'ayina shi ne kada ki shiga layin masu rubuta kowane irin maƙala da Turanci a kan farashi mai arha. Wannan layi ya daɗe da cika da marubuta daga Indiya da Pakistan da Filifin da Kenya, sannan tun da ChatGPT, manhajar da ke rubutu da kanta idan an umarce ta, ya fito a watan Nuwamba na 2022, masu shafukan da a da suke biyan 'yan daloli a rubuta musu bayanin kaya ko gajeren sharhi, da yawansu na'ura suke sawa ta yi musu. Abin da kike da shi wanda waɗancan ba su da shi shi ne Hausa tare da horon aikin jarida. Ƙungiyoyin lafiya da na agaji da ke aiki a Arewa suna buƙatar a mayar musu da saƙonni zuwa Hausar da uwa a ƙauye za ta fahimta, kamfanonin manhaja suna neman mai fassara da mai duba fassara, akwai kuma aikin sauraron hirar da aka naɗa a mayar da ita rubutu. Google Translate ya ƙara Hausa tun 2013, amma har yanzu fassarar na'ura sai mutum ya bi ta ya gyara, kuma wannan gyaran kansa aiki ne da ake biya.

Sai dai Hausar baki daban, ta rubutu daban. Ki tabbatar kin san ƙa'idojin rubutu, kina sa ɓ da ɗ da ƙ a muhallinsu, kin san inda ake raba kalma da inda ake haɗewa, domin mai tace aiki idan ya ga an rubuta "yazo" a haɗe maimakon "ya zo", ko an rubuta "kasa" ana nufin "ƙasa", daga layin farko ya gama yanke hukunci a kanki. Kafin ki buɗe asusu a ko'ina, ki shirya samfuri uku ko huɗu: maƙala ɗaya ta Turanci a fannin da kika sani sosai, ɗaya ta Hausa, da fassarar wata sanarwa ta lafiya, kin jera asalin da fassarar gefe da gefe. Ki duba ProZ, dandalin masu fassara, da kuma ƙungiyar masu fassara ta Translators without Borders, waɗanda suka yi aiki da Hausa da Kanuri a Arewa maso Gabas. Aikin wannan ƙungiya na sa kai ne galibi, amma yana koya wa mutum tsarin aiki.

Abu Sadik ya amsa:

Malam Tafinta ya yi bayani mai gamsarwa, ni kuma zan tsaya a kan kuɗi. Fiverr yana cire kashi 20 cikin 100 na duk aikin da aka biya ki, wato idan kin yi aikin dala 50, dala 40 ce taki, kuma sabon mai sayarwa, wato mai yin aiki irinki, sai ya jira kwana 14 bayan kammala aiki kafin ya iya cire ta. A Upwork kuwa, tun kafin a ɗauke ki, neman aikin ma yana cin abin da suke kira Connects, wato wani irin tikitin neman aiki, wanda yawanci sayensa ake yi, saboda haka tura takardar nema barkatai asara ce. 'Yan Najeriya da yawa ta Payoneer, wani kamfanin karɓar kuɗi daga ƙasashen waje, suke karɓa, daga nan su tura asusun banki, domin an shafe shekaru takwaransa PayPal bai ba masu asusu a Najeriya damar karɓar kuɗi ba. Sunan da ke kan dandalin da na Payoneer da na banki dole su zama iri ɗaya, harafi da harafi, kuma wannan yana yawan kama mata waɗanda takardun makarantarsu ke ɗauke da sunan uba, asusun banki kuma da sunan miji. Ki daidaita wannan tun yanzu.

Ki kuma yi lissafin wuta da data kafin ki yanka farashi. Kwastoman da ke Landan bai san an ɗauke wuta a unguwarku ba, lokacin da aka yi alkawari kawai ya sani, don haka idan aiki na kwana biyu ne, ki ce uku.

Hajiya Mai Alƙalami ta amsa:

Ƙanwata, ni ina da ɗan saɓani da Malam Tafinta, ba a kan gaskiyar abin da ya faɗa ba, a kan yawan aikin. Aikin Hausa a waɗannan dandali ba kullum yake zuwa ba, yakan zo a tare sannan ya yi shiru na makonni, don haka wadda ta dogara da shi kaɗai za ta gaji da jira. Kasuwar da ke kusa da ke ma kasuwa ce: masu sayar da atamfa da turaren wuta a Instagram suna neman mai rubuta musu talla, makarantu masu zaman kansu suna neman mai tsara musu takardu, kuma marubuta littattafan Hausa da ke sayarwa ta WhatsApp suna buƙatar mai tace musu rubutu. Kuɗin naira ne, ba su kai na dala ba, amma a ranar suke shigowa, babu cire kaso babu jira. Sharaɗina ɗaya da irin waɗannan kwastomomi shi ne a biya rabi kafin in taɓa aiki, domin na taɓa rubuta wa wani mai shago tallan wata guda, ya wallafa duka, sannan ya daina ɗaukar wayata. Kada kuma ki tara komai naki a dandali ɗaya. OkadaBooks, dandalin sayar da littattafai ta intanet inda marubutanmu da dama suka sa littattafansu, ya rufe a 2023. Ki ajiye kwafin duk abin da kika rubuta a wurinki.

Maman Hanifa ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na sanar da mai tayin asusun cewa na fasa. Maganar suna kuwa ta shafe ni kai tsaye, don haka banki zan fara zuwa. Malam Tafinta, idan na gama samfurin fassarar, zan so ka duba mini ƙa'idar rubutun kafin in nuna wa kowa.