Gudun yamma cikin karkara tare da ƙungiya: in je ko in dakata?

Abu Hanif: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata shida ke nan ina gudun kilomita 5 a kan kwalta, sau uku a mako, ni kaɗai. Wani abokin aikina ya gayyace ni in bi ƙungiyarsu ranar Asabar, gudun kilomita 8 ta cikin gonaki da rafi da 'yan tuddai, kuma za a tashi saura awa ɗaya rana ta faɗi. Damuwata ita ce ina sa tabarau, idona ba ya gani sosai da zarar duhu ya fara, sannan takalmina na kwalta ne, ƙasansa sumul. Shin in je da abin da nake da shi, ko in dakata sai na sayi takalmin daji da fitilar goshi?

Maman Zahra: Wa alaikumus salam. Shawarata ita ce ka fara da kilomita 2 ko 3, kana ƙarawa a hankali, kuma ka sha ruwa sosai kafin ka fita.

Baban Nura: Malam Abu Hanif, ka tambayi abokinka ko irin gudun nan ne da ake bin alama. Salon ya yaɗu ne daga ƙungiyar Hash House Harriers, wadda wasu Turawan Ingila suka kafa a Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya na yanzu, a 1938. Mutum ɗaya ko biyu, waɗanda ake kira zomaye, sukan riga kowa fita suna yayyafa fulawa ko alli a kan hanya, kuma a mararraba sukan sa alamar ƙarya da gangan domin masu sauri su ɓata lokaci har na baya su iso. Idan haka ne, abin da ƙafarka za ta taka zai iya wuce kilomita 8, kuma awa ɗaya ba lallai ta ishe ka ba, domin gudu a ƙasa mai duwatsu ya fi na kwalta cin lokaci.

Abu Fatima: Ni na bi irin wannan gudu sau ɗaya, kuma har yau idon sawuna yana tuna mini. An ce da ni ba a barin kowa a baya. Muna tsallake rafi na tsaya ɗaure igiyar takalmi, ina ɗagowa ba na jin muryar kowa. Yayyafi ya riga ya wanke alamun, rana ta faɗi, kuma cikin ƙanƙanin lokaci na daina bambance dutse da rami. Na haska da fitilar waya ina sauri, sai ƙafata ta karkace a wani kwazazzabo, na ji ƙarar abin har cikin kunnena. Na kira lambar shugaban tafiyar sau da yawa, ashe wayarsa tana cikin mota. Wani mai kiwo ne ya tallabe ni zuwa bakin titi, kuma da na iso na tarar ana ta hira, babu wanda ya ƙirga mutane balle ya san an rasa ɗaya. Makonni shida na yi ban taka da kyau ba. Ciwon bai ɓata mini rai kamar yadda aka ce laifina ne da ban yi sauri ba.

Maman Zahra: Allah Ya ƙara lafiya, ɗan'uwa. Wannan sakaci ne tsantsa, domin ƙungiyar da ta san abin da take yi tana sa mutum ɗaya a can ƙarshe, wanda ba ya wuce kowa.

Sadauki: Takalmin daji ya ninka na kwalta tsada, kuma ban ga dalilin sayensa saboda fita ɗaya ba.

Ummu Salma: Ba haka ba ne, Malam. Nawa na same shi ƙasa da abin da na biya a na kwalta. Fitilar ce mai tsada idan ana son mai hasken lumen (ma'aunin ƙarfin haske) 200 zuwa 300, wadda ke nuna saiwoyi da ramuka tun daga nesa.

Sadauki: Hajiya, ni shekara tara ina wannan gudu da fitila mai arha, ke kuwa bara kika fara. Amma Abu Fatima fita ɗaya ya yi, bai kamata a gina hukunci a kanta ba.

Abu Fatima: Wanda ya karye a rami ya fi wanda ya tsallake shi sanin zurfinsa, Malam Sadauki.

Ɗan Autan Gudu: Yayyena ku yi haƙuri, a tamu ƙungiyar akuya ce ta lashe fulawar, muka bi ta har garke muna murnar mun gano hanya.

Abu Hanif: Na gode ƙwarai, amma har yanzu ba a taɓa batun tabarau ba. Ko akwai wanda ya yi gudu da su ƙarƙashin fitila?

Malam Manomi: Ka gafarce ni ɗana, zan sako wata magana. Ku kuna kiran wurin hanya, mu kuwa gona muke kiransa. Da damina masu gudu kusan talatin suka ratsa mini shuka mai mako biyu, saboda alamar ƙarya ta bi ta tsakiyar kunya, kuma suka bar shingen a buɗe dabbobi suka shiga. Babu wanda ya nemi izini, babu wanda ya dawo ya ba da haƙuri.

Baban Nura: Gaskiya ne Baba, alhakin yana kan zomo, shi ya kamata ya zagaya ya gana da masu gonaki kafin ya sa alama.

Sadauki: To idan turbar ta kowa ce fa, kuma shuka ce ta cinye ta? Wa zai nemi izinin wa?