Neman shawara: Nissan Leaf 2013 ta kusa shekara biyu a ajiye, in gyara ko in hakura?

Assalamu alaikum yan uwa, dan Allah wadanda suka san motar lantarki ku taimaka min. Yayana ne ya shigo da Nissan Leaf 2013 daga Amurka, ya dan hau ta sai aka yi masa canjin wajen aiki ya bar ta a gidanmu, ga ta nan karkashin darbejiya rufe da tamfol. Ni kuma tunda aka cire tallafin mai a 2023 wlh kudin fetur ke cinye min albashi, kullum Rijiyar Zaki zuwa Sharada da dawowa, bai kai kilomita 30 ba. Jiya na danna mabudin ko kyaftawa ba ta yi ba, kuma ya ce sanda ya ajiye ta sanduna 8 suka rage cikin 12 na lafiyar batir. Ina so ta zama motar zuwa aikina amma ina tsoron zuba kudi a rijiya.

Wa alaikumus salam. Malam kwantar da hankalinka, kin tashin nan ba lallai babban batir bane. Akwai karamin batir mai 12V a gaba irin na kowace mota, shi ke tada kwamfutar, in ya mutu motar gaba daya shiru take yi. Ka je Kofar Ruwa ka sayo sabo ka saka tukunna.

Gaskiya ne, amma in ta tashi kar ka sayi ko taya sai ka auna babban batirin. Ka nemi dan karamin OBD2 mai bulutut, wato abin da ake jonawa a mota ya karanto bayananta, ka sauke manhajar LeafSpy a waya, zai nuna maka SOH wato kason lafiyar da ta rage, da yadda kowane sel yake, in ka ga wasu sun fadi kasa sosai sun bar yan uwansu to nan matsalar take. Batirin 24 kWh ne, tana sabuwa wajen kilomita 120 take yi, sanduna 8 kuwa kashi 60 da dan wani abu ne, kace kilomita 70 in ba ka matsa wa AC ba, ya ishe ka. Abin da ke damuna zafin Kano ne, domin batirin Leaf ba shi da ruwan sanyaya, a 2012 masu ita a jihar Arizona ta Amurka sun yi ta korafin zafi na cinye musu batir, shekara biyun nan a tamfol Allah kadai ya san abin da suka yi mata.

Yallabai cajar da ta zo da ita fa ka duba bayanta, ta Amurka 120V ce mu kuma 230V muke, kana jonawa za ta kone. Ka samo wadda ke daukar wutarmu mai kan Type 1, wato irin bakin cajin motar, kuma a ja mata waya mai kauri da ta kasa wato earth, motar ba ta son layin da ba a yi masa ta kasa ba. Tafiyarka ba za ta wuce 6 kWh ba a rana, awa uku na wuta ta mayar.

Ni dai da ni ne kawai in sa mata batirin 40 kWh na 2018, ana yi, da wata yar na'ura CAN bridge da ke sa motar ta gane sabon batirin.

Ana yi, amma kudinsa zai iya fin kudin motar, kuma wa zai daura masa? Mutumin da ke kilomita 30 me zai yi da shi. Dan uwa abin da nake rokonka da girman Allah, duk wayar da ka gani ruwan lemo kar ka bari wani mai gyaran waya na bakin titi ya taba, wutar ciki ta haura 350V, kisa take nan take. Sannan beraye, ka sa a leka karkashi.

Na gode kwarai Allah ya saka da alheri. Na sa karamin batir da yamman nan ta kawo wuta, sanduna 7 take nunawa yanzu, kuma birkin baya kamar ya kame. OBD2 din sai Asabar zai iso, in na auna zan turo hoton ku duba min.