Tsohon injin jirgin ruwa da ke mutuwa in ya yi zafi: koyil ne ko mai?

Mai Wayarin: Assalamu alaikum. Ga maganar da nake so mu tattauna. Tsohon injin jirgin ruwa mai shan fetur, mai kafireta da distiributa, yana tashi bugu ɗaya da sanyi, ya yi minti 20 ko 30 yana aiki, sai ya mutu, ya ƙi tashi har sai ya huce. Ni a wurina wannan koyil ne, wato abin da ke ɗaga ƙarfin wutar da ke zuwa fulogi, ba sai an tsaya dogon bincike ba. Siririyar waya ce nannaɗe a cikinsa. In ta tsufa, zafi kan buɗe inda ta tsage, wuta ta yanke, in ta huce ta sake haɗewa. Shi ya sa awo da sanyi yake yaudara: mita ta nuna maka om 1.5 a naɗin wayarsa na farko, ka ce lafiya lau. A canza shi kawai.

Mai Kafireta: Wa'alaikumus salam. Oga, bayaninka a kan koyil babu gyara, amma "a canza kawai" ɗin ne ban yarda da shi ba. Duk alamomin nan mai ma yana kawo su. Injin jirgi a rufe yake cikin akwati, iska ba ta ratsa shi kamar na mota. Fetur sai ya tafasa a cikin famfon mai ko a bututun da ya kwanta jikin inji, ya zama tururi, shi kuwa famfon nan ba ya iya tura tururi. Kafireta ta bushe, inji ya tsaya. Fetur mai gaurayen etanol ya fi saurin yin haka. Kuma ya fi faruwa bayan an yi gudu an dawo silo, ko an kashe inji minti 10 zuwa 15 zafi ya taru a akwatin.

Mai Wayarin: To ai mutuwar ba iri ɗaya ba ce, Malam. Na koyil yakan yanke ne kamar an murɗa makulli.

Mai Kafireta: Yakan yi, ba kullum ba. Koyil mai rauni ma yana sa inji tari da shaƙewa kafin ya mutu, musamman in an ba shi totur. Kunne kaɗai ba zai raba gardamar ba.

Baba Makanike: Ku duka biyun ku saurara. Shaidar tana nan ne a minti biyar ɗin farko bayan ya mutu, in ya huce ta gudu. Don haka kayan awo su kasance a hannu tun kafin a tashi. Da ya tsaya, a buɗe akwati, a kunna fankar fitar da tururi minti 4, a shinshina ƙasan jirgi. Tururin fetur ya fi iska nauyi, can yake kwanciya, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. In babu wari, a cire murfin kafireta, a leƙa maƙogwaronta da tocila, wani ya tura totur sau biyu inji a kashe. In ka ga fetur ya yi tsartuwa siriri, akwai mai a ciki. In ba ka ga komai ba, ko ɗigo kawai, mai ne. A mayar da murfin nan kafin a buga, shi ke tare harshen wuta in inji ya yi atishawa. Sannan a sa rufaffen magwajin wuta a wayar fulogi a buga. Shuɗiyar wuta mai ƙara muke nema. Ja-ja mai rauni ko babu gaba ɗaya, to a koma gefen wuta. Kada kowa ya riƙe waya kusa da jikin inji yana neman tartsatsi a fili, kuma kada a tsiyaya fetur a kafireta.

Mai Wayarin: Baba, na karɓi wannan. Amma in aka tarar babu wuta, ai maganata ta fito.

Baba Makanike: Da saura, ɗana. Kwandansa ma, 'yar na'urar da ke rage tartsatsi a cikin distiributa, zafi na kashe ta, alamarta kuma ɗaya da ta koyil. In an mayar da distiributan na lantarki, ɗan modul ɗin ciki haka yake yi. Ko da koyil ɗin ne ya ƙone, sai an tambayi abin da ya ƙona shi. Koyil mai om 1.5 da rezista yake aiki, wadda ke rage masa wuta zuwa wajen bolt 7 zuwa 9 in inji na tafiya. In wani ya cire ta ya haɗa kai tsaye, bolt 14 na caji ne ke shigarsa, ya yi zafin da hannu ba zai zauna a kai ba. Ka sa sabo, shi ma ya bi sahu. Koyil mai om 3 shi ne ba ya son rezista. A auna bolt a kan ƙafar koyil mai alamar + inji na aiki. A duba kwantak kuma, wato bakin da ke buɗewa da rufewa cikin distiributa yana yanke wa koyil wuta: a injin silinda takwas kwanar rufewarsa digiri 28 zuwa 32 ce, in tazarar ta matse koyil na daɗewa da wuta a jiki.

Mai Tuƙi: Ranku ya daɗe, tambaya ɗaya: mun tabbata zafi ne, ba lokaci ba? Tanki yana da hancin shaƙar iska. In ƙwari ko gishiri sun toshe shi, famfo na zuƙar mai babu iskar da ke maye gurbinsa, bayan minti 20 ya kasa ja. Ka jira, iska ta sulala ciki, ya tashi, ka ɗauka hucewa ya yi. Da ya mutu a kwance murfin tanki a hankali, in ya ja iska da sauti, an kama shi. Akwai kuma ɗan bawul mai ƙwallo a bakin tanki, mai hana mai tsiyayewa, yana maƙalewa. Gwajin da ya fi yanke magana shi ne a haɗa inji da ƙaramin tanki na hannu da sabon mai. In ya wuce minti 40 bai tsaya ba, laifin daga tanki ne zuwa famfo. A injin rataye kuwa a dubi robar matsa mai: in ta shafe ta manne, toshewa ce ta gefen tanki.

Mai Kafireta: Wannan gaskiya ne. In ƙara da cok, farantin da ke rage iska a bakin kafireta in inji na sanyi. In ya maƙale a rufe, da sanyi inji na jin daɗinsa, da ya ɗumama sai mai ya yi masa yawa: baƙin hayaƙi, fulogi baƙi ƙirin. Leƙen da Baba ya ce zai nuna shi, farantin ya kamata ya miƙe tsaye in inji ya yi zafi.

Baba Makanike: Kuma a dubi zafin kansa. Injin da ruwan waje ke ratsa shi kai tsaye, tamostat ɗinsa wajen digiri 60 yake buɗewa, mai rufaffen ruwa wajen 71. In allurar zafi ta wuce nan sosai, a buɗe famfon ruwa a duba imfela, robar nan mai fukafukai da ke tura ruwa. Robar na bushewa, fukafukanta su karye, guntayen su je su toshe masanyayar man inji, sai an bi an ƙirga an ciro su duka. Gwiwar salansa ma, wadda ruwan sanyaya inji ke bi ta cikinta, tsatsa na toshe ta. In tafin hannu bai iya zama a kanta ba, ruwa ba ya wucewa yadda ya kamata.

Mai Wayarin: Na janye "ba sai an bincika ba". Amma ina nan a kan cewa in tsartuwar mai ta fito, wuta ce babu, kuma bolt ya yi daidai, koyil da kwandansa tare zan canza, na jirgin ruwa ba na mota ba.

Mai Kafireta: Ɗaya bayan ɗaya, Oga, kwandansa tukuna. In ka canza biyu lokaci guda ba za ka san wanda ya yi laifin ba.